Glenys da Mutumin Gado na Tara

Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki tare da Glenys Ackroyd a sashen tsofaffi na asibitin garinmu, kuma takwas daga ciki na yi su ne ina jin haushinta. Ni ce babbar nas ta sashen, Sista Noreen, ita kuwa mai tura keken abinci da shayi. Laifinta ɗaya ne a wurina, ba ta da sauri. Ni kuma tun ina ƙarama uwata take cewa ko coci za ni, tafiya nake yi kamar an biyo ni.

Gado ashirin da takwas gare mu a ɗaki biyar. Duk ƙofar da Glenys ta iso sai ta tsayar da kekenta, ta ja numfashi ɗaya ta sauke, sannan ta shiga. Wata rana da aiki ya sha mini kai na ce mata, "Glenys, kafin ki gama wannan numfashin naki ai shayin ya huce."

Ta ce, "Sista, ke ma ki gwada mana. Kyauta ne, gwamnati ba ta sa masa haraji ba tukuna."

Haka bakinta yake. Wanda ya ji an ce tana bin tafarkin Buddha sai ya zaci wata salihar baiwar Allah ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ina! Gajeruwa ce mai ƙiba, ga murya, ga dariyar da ake jiyowa daga wajen lif ɗin hawa bene. A unguwar masaƙa aka haife ta, tana da shekara goma sha shida ta shiga masaƙar darduma, ta yi shekara ashirin da biyar a ciki har aka rufe ta. Waɗanda suka san ta a lokacin sun ce ba a taɓa mace mai zafin rai irinta ba a layinsu. Ta taɓa jifan motar mijinta Derek da kaskon suya ta taga, ba ta ko tsaya buɗe tagar ba. Derek ya tattara kayansa ya koma gun ƙanwarsa. Daga baya 'yarta ma ta daina kawo mata jikoki, ta ce ba za ta riƙa kai yara inda ake ihu ba.

Ita da kanta ta ba ni labarin yadda abin ya faro. Wata Talata ana ruwa ta shiga zauren laburaren gari, a zatonta ajin motsa jiki ne na masu ciwon baya. Sai ta tarar da mutum tara zaune kan matasai, ido a rufe, ba mai cewa uffan. Ta so ta juya, amma ƙofar na da ƙara, kunya ta hana ta sake buɗewa. Dole ta samu wuri ta zauna minti arba'in.

Ta ce, "A nan na fara jin irin masifar da ke cikin kaina. Ba hutu, wannan ya yi mini kaza, wancan zai gani. Na ce, au, da wannan matar Derek ya zauna shekara ashirin? Ai mutumin nan ya yi ƙoƙari."

Talata mai zuwa ta koma. Tun daga nan kullum da safe takan zauna minti ashirin a ƙaramin ɗakinta, kusa da teburin guga, tana lura da shigar numfashinta da fitarsa. Ta bar giya. A walimar Kirsimeti ta ma'aikata lemo take sha, kuma duk da haka ita ke fara rawa. Idan rina ta shigo sashe ba ta yarda a kashe, sai ta kife ta da kofi ta kai taga. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Derek bai dawo ba, amma shi ke zuwa gyara mata famfo, jikoki kuma duk Lahadi a gidanta suke cin abincin rana. Fushin bai tafi duka ba. Na sha ganin kunnuwanta sun yi ja idan wani ɗan uwan majiyyaci ya yi mata magana kamar baiwarsa, sai ta dubi ƙasa ta ja numfashi, sannan ta tambaye shi ko yana son sukari.

Hutunta na shekara shi ya fi ba mu dariya. Kowa na neman jirgi mai araha zuwa Sifen ya sha rana, ita kuwa sai ta hau bas zuwa wani gidan zuhudu na mabiya Buddha a kudu, ta yi kwana goma tana wanke tukwane, ba magana. Muka ce Glenys da kwana goma ba magana, ai sai dai in ɗaure mata baki suke yi.

Tana can wurin wannan hutu ne, farkon watan Maris, aka kawo mana mutumin gado na tara. Wani manomi ya tsince shi kwance a gindin katangar dutse, a hanyar da ta ratsa kan tudu. Ba waya, ba jakar kuɗi, ba wata takarda mai suna. Masu motar asibiti sun yanke kayan jikinsa, aka cusa su cikin baƙar leda tare da 'yar jakarsa aka tura cikin akwatin gefen gado. Bature ne ɗan uwanmu, zai yi shekara saba'in da biyar, dogo, siriri, kai a aske, tafin ƙafa duk kanta. Muka yanke cewa marar gida ne, irin masu kwana a tashar bas. Jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya.

An gwada maƙogwaronsa, yana iya haɗiya lafiya lau. Ruwa kam yana sha da kansa. Abinci ne ya ƙi.

A sashenmu duk majiyyacin da ba ya ci sosai a jan tire ake kawo masa abinci, don kowa ya san sai an sa masa ido. Ƙa'ida kuma ita ce mai keke ba ta ba da jan tire, sai nas. To da safe mu huɗu ne a kan mutum ashirin da takwas, ga wanka, ga magani. Sai mu dire masa tiren a kan tebur mu ce, "Ga shi nan, Baba, a ci," mu wuce. In mun dawo yana nan yadda muka bar shi, kunun ya sandare. Na rana da ke zuwa sha biyu da rabi, da na yamma, ko kallonsu ba ya yi. In aka nufo bakinsa da cokali sai ya kau da kai.

Akwai wani abu da yake yi kullum. Da ya ji ƙarar keke sai ya jawo ƙaramin tawul ɗin fuska da hannunsa na hagu, ya shimfiɗa a kan tebur da ƙyar, ya riƙe gefe ɗaya, ya zuba wa mai zuwa ido. Mun saba ganin tsofaffi masu ruɗewa suna wasa da zanen gado, don haka ba mu kawo komai a rai ba. Wasu suka ɗauka so yake a ɗaura masa a wuya kada ya ɓata riga. Sai a zare tawul ɗin daga hannunsa a ɗaura masa, shi kuma ya rufe ido.

Maƙwabcinsa na gado na goma, Wilf Firth, tsohon mai haƙar kwal da ya karye a ƙugu, shi ya ci ribar abin. Bakinsa ba ya hutawa. "Sista, in Shiru-shiru ba zai ci kek ɗin nan ba, ki miƙo shi nan. Zunubi ne a zubar."

Kwana shida ina rubuta abu ɗaya a takardarsa da hannuna: ya ƙi abinci. A rana ta biyar ma na yi masa faɗa. Na ce, "Baba, nan ba otal ba ne. Akwai mutum ashirin da bakwai bayan kai. In kana da wani abin da ka fi so, ka nuna." Na fizge tawul ɗin na ɗaura masa a wuya, har na ja kullin da ɗan ƙarfi. Ban manta ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ran Alhamis da safe Dokta Pemberton ya duba nauyinsa ya girgiza kai. Ƙarin ruwa kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ya ce gobe Juma'a da tsakar rana za a zura masa roba ta hanci zuwa ciki, kuma tunda alamu sun nuna zai fizge ta, za a sa wa hannunsa mai lafiya safar da ake ɗaurewa. Hannu ɗaya ya rage wa mutumin nan a duniya, shi za mu naɗe. Na sa hannu a takardar ba tare da na ji komai ba.

A ranar Glenys ta dawo aiki, a zagayen shayin ƙarfe uku. Ina ɗakin ina gyara wa Wilf matashi lokacin da ta tsaya a ƙofa kamar kullum. Amma wannan karon ba ta shigo ba. Ta daɗe tana kallon gado na tara, inda mutumin ya riga ya shimfiɗa tawul ɗinsa ya riƙe gefe.

Ta ce, "Sista, yaushe aka kawo wannan?"

"Kwana shida. Ba ya ci, ba ya magana. Kada ki ɓata shayinki."

Ta matso ta leƙa fuskarsa. "Kin lura girarsa a aske take? Tsawonta ɗaya da gashin kansa. Ina kayansa?"

Na nuna mata akwatin. Ta ciro ledar ta kwance. Yadi ne ruwan ƙasa, duk an yanka shi da almakashi, sai wani babban kwanon ƙarfe mai murfi a cikin jakarsa. Glenys ta mai da su a hankali. Sannan matar nan mai ciwon gwiwa, wadda ke ƙorafi in cokali ya faɗi ƙasa, ta durƙusa a kan simintin ɗakin, ta haɗa tafin hannuwanta a goshi ta ce, "Bhante."

Mutumin ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya.

Ta miƙe ta dafa gado, ta zuba baƙin shayi, ta loda masa sukari cokali huɗu. Ta ɗauko kofin da hannu biyu ta aza a kan tawul ɗin da yake riƙe da shi. Ya jawo tawul ɗin zuwa gabansa, ya saki, ya ɗauki kofin ya kai baki. Ya shanye tas.

Wilf ya ce, "Shayi ba madara? Haba Glenys, mutum na kwance ba lafiya kuma a ƙara masa da wannan?"

Na ja ta waje. Ta yi mini bayani a tsaye a bakin ƙofa. Ɗan zuhudu ne, Bhante kuma shi ne yadda ake kiran irinsu don girmamawa. Wasunsu kan yi doguwar tafiya a ƙasa daga gari zuwa gari, ba kuɗi ba waya. Ba sa ɗaukar abinci da kansu ko a gabansu yake, ko na waye, sai an miƙa musu hannu da hannu. In mace ce mai miƙawa, sai su shimfiɗa ƙyalle su riƙe gefe, ta aza a kai. In rana ta yi tsaka kuma sun gama ci sai gobe, sai dai ruwa ko baƙin shayi.

Ta ce, "Ba ƙi yake yi ba, Sista. Jira yake a ba shi."

Da na ji haka, maimakon in yi nadama sai fushi ya taso mini. Na ce, "To ga biskit a kekenki, je ki aza masa."

"Uku ta wuce. Sai da safe."

"Mutum na mutuwa da yunwa kina karanta mini agogo? Wane irin addini ne zai ce marar lafiya ya zauna haka?"

Kunnuwanta suka yi ja. Ta dubi ƙasa, na ga ƙirjinta ya ɗaga ya sauka. Sannan ta ce, "Wataƙila akwai sassauci ga marar lafiya, ni ba malama ba ce. Amma ki dube shi. Sunansa ya tafi, maganarsa ta tafi, an yanke masa tufafi. Abin da ya yi kullum shekara arba'in shi kaɗai ya rage masa. Ni ba zan ce ya saki ba."

Na sami Dokta Pemberton na gaya masa. Mutumin kirki ne, amma ya ce shayi ba abinci ba ne. In majiyyacin ya ci rabin karin safe, nas ta gani da idonta ta sa hannu, zai ɗage. In ba haka ba, roba tana nan sha biyu. Glenys kuma ta tsaya bayan tashi aiki tana buga waya gidajen zuhudu ɗaya bayan ɗaya, har ta samu waɗanda suka ce nasu ne, sun kwana biyu suna cigiya. Amma suna da nisa, ba za su iso ba sai Asabar.

Juma'a ƙarfe takwas keke ya iso ƙofar ɗakin. Kunu da madara, gasasshen burodi yanka biyu, ayaba ɗaya, duk a jan tire. Mutumin ya riga ya shimfiɗa tawul.

Na ce, "Glenys, je ki ba shi. Ke ya sani."

Ta ce, "Jan tire ne."

"Na yafe miki ƙa'idar yau."

"Ba taki ba ce da za ki yafe. In ya ƙware ni ban san abin yi ba. Kuma Lahadi ba na aiki, wa zai ba shi? Ɗauki, Sista. Ba ya cizo."

Na ɗauka. Wayar sashe na ta ƙara a aljihuna, ana kirana a ɗaki na biyu. Na isa gadon na dire tiren kamar yadda hannuna ya saba, rabi a kan tebur, gefe ɗaya ya ɗan taɓa tawul, har na juya zan tafi. Mutumin ya dubi tiren, ya dube ni, bai motsa ba.

Glenys ta ce a hankali daga bayana, "Ajiyewa kika yi. Sake ɗauka. Kashe wayar nan tukuna."

Wilf ya ce, "Yau Sista ta shiga makaranta."

Na ce ya rufe mini baki. Na kashe wayar. Na ɗauki kwanon kunun shi kaɗai da hannu biyu, na tsaya a gaban mutumin. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, na ba mutane magani da abinci ba adadi, amma a ranar ji na yi kamar sabuwar ɗaliba ce ni. Ban san inda zan sa idona ba, sai na dube shi. Idanunsa ruwan toka ne, kuma babu ruɗewa a cikinsu ko kaɗan. Kwana bakwai ke nan yana sashena, sai a lokacin na san kalar idonsa.

Na sunkuya na aza kwanon a tsakiyar tawul, ban saki ba sai da na ji ya ja. Haka na yi da burodin, haka na yi da ayabar bayan na ɓare ta.

Bai fara ci nan take ba. Ya zauna yana kallon kwanon na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauki cokali da hagu. Rabin na farko ya zube a rigarsa, na biyu ya shiga. Na jawo kujera na zauna, abin da ban taɓa yi ba a zagayen safe. Minti arba'in ya yi yana ci, loma ɗaya sai ya aje cokali ya tauna ya haɗiye kafin ya sake ɗauka. Glenys ta tafi ta gama sauran ɗakuna ta dawo. Ko Wilf ma ya bar nasa shayin ya huce yana kallo. Mutumin ya cinye kunun, ya cinye burodi, ya bar ɗan guntun ayaba.

Ina miƙewa in ɗauko takardarsa sai na ji murya. Ya ɗaga hannunsa ɗaya zuwa ƙirji, ido a rufe, yana rera wani abu cikin harshen da ban sani ba. Muryar a dushe take, gefen bakinsa a karkace, amma kalmomin na fita ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Na san a karatu cewa wanda magana ta ɗauke wa yakan iya rera abin da ya haddace, amma ban taɓa ji da kunnena ba. Dokta Pemberton ya iso ƙofa ya tsaya da takardun roba a hannu. Ya saurara har aka gama, ya leƙa kwanon, ya ninke takardun ya sa a aljihu ya wuce.

Na sami Glenys a wajen keke tana goge ido da gefen rigar aikinta. Na ce, "Me yake cewa?"

"Albarka yake sa wa. Haka suke yi in an ba su abinci. Lafiya, da tsawon rai, da kwanciyar hankali ga wanda ya bayar."

"Wato ke."

"Ni me na ba shi? Ke kika miƙa."

Na ce, "Glenys, ni ce na bar mutumin nan da yunwa kwana shida. Ni na yi masa tsawa, ni na ɗaure masa tawul a wuya. Ya san fuskata sarai."

Ta ce, "Ya sani mana. Tun da kika shigo yake kallonki." Ta saki birkin kekenta. "Je ki wanke fuskarki, Sista, ana jiranki a ɗaki na biyu."